Filin da Lurwanu Ya Saya a Sama

Lurwanu ya sayi fili a wata duniya,
bai mallaki taku ɗaya a Kakuri ba.
Dubu goma sha takwas ya tura ta waya,
kuɗin da ya tara na gyaran babur,
aka aiko masa hoton wani jan dutse
da doguwar lamba, aka ce: naka ne.

Wasan bai fito ba tukuna.
Talla kawai muka gani, minti biyu da rabi,
a shagona, bayan katangar tsohuwar masaƙa,
inda nake cajin waya, nake ba da hayar gem awa-awa.
Mun kalle ta har wayar ta zama dutsen guga.
Jirgi na ratsa duhu, wata uku rataye a sama ɗaya,
wata murya mai kauri tana rantsuwa
mutum miliyan za su shiga lokaci guda,
ba bango, ba iyaka,
duk tauraron da ka hango za ka iya taka shi.

Bulus ya ce shi ne direba.
Tasi'u, da bai taɓa wuce Zariya ba, ya karɓi taswira.
Kasham ta ce in ba ita ce kyaftin ba
kowa ya nemi jirgin gidansu.
Suka raba muƙamai kamar an rantsar da sabuwar gwamnati,
kwana uku ana musu kan suna,
ƙarshe suka raɗa wa jirgin Kada.

An ce watan uku.
Watan uku ya zo, aka ce bayan damina, ana ɗan gyara.
Ruwa ya cika kogi har ya lashi ƙafar gada,
ya janye. Aka ce baɗi.
Suka saki sabuwar talla, jirgin ya ƙara sheƙi.
Sannu ba ta hana zuwa, in ji Lurwanu.
Na haɗiye sauran karin maganar.

Ni na yi lissafina a bayan kwalin caja:
na'urar da za ta ɗauki wasan
ta fi shagon nan tsada, har da ni a ciki.
Datar sauke shi, kuɗin buhun shinkafa biyu.
Sabis kuwa a layinmu
sai ka hau tankin ruwa, ka ɗaga hannu kamar mai addu'a.
Ban faɗa musu ba.
Suna zuwa, suna sayen zoɓo, shago na cika.

Baba na zaune a benci bakin ƙofa.
Shekara goma sha tara ya yi gaban injin saƙa,
katin aikinsa har yau na aljihun gaba,
hoton ya koɗe, gashin ciki baƙi wuluk.
Duk sanda rediyo ta ce za a farfaɗo da masaƙu
sai ya sa a wanke masa shuɗiyar rigar nan.
Ya tambaye ni: yaran nan me suke jira?
Na yi masa bayani, ina zaton zai yi dariya.
Ya daɗe yana murza goro.
Ya ce: ƙara musu benci.

Daren Laraba aka ɗauke wuta,
janareto ya yi tari biyu ya mutu.
Muka fito waje muna kashe sauro.
Ashe sama cike take, ba wanda ya biya ko sisi.
Lurwanu ya ce wanne ne nawa a ciki?
Kasham ta nuna can, hagu da ƙarfen sabis:
wancan ƙaramin, mai kyafta ido kamar wanda ake bi bashi.
Tasi'u ya ce ƙarya ne, taswira a hannunsa take.
Bulus ya riƙe iska yana juya sitiyari.

Sai unguwa ta ɗauka gaba ɗaya: Nepa!
Suka ruga ciki, wani ya bar silifas ɗaya,
a duba ko an sa rana.

Baba bai tashi ba.
Kansa na sama,
ban san ko taurari yake kallo
ko bututun hayaƙin nan ba.